Yadda na hana bogar wake wargajewa a kasko

Bogar da nake yi (wato curin haɗi mai faɗi da ake soyawa a sa a tsakiyar burodi) ba nama, daga dafaffen wake, albasa, karas da ots (wani hatsi mai kama da alkama), daɗinta ba a magana. Amma da zarar na zo juyawa sai ta dagargaje. Ƙara gari bai taimaka ba, nauyi kawai ta yi.

Ashe ruwa ne matsalar. Dafaffen wake na riƙe danshi sosai, ɗanyar albasa kuma sai ta ji wuta take sakin nata ruwan a cikin haɗin. Yanzu idan na tsane waken, sai in baza shi a faranti in sa a obin mai zafin digiri 160 na minti 15, har bayansa ya fara tsagewa. Albasa da karas kuwa soya su nake yi tukuna, su bushe, su huce.

Ba na dame waken duka, ina barin kashi ɗaya cikin uku da ƙwayarsa, don a ji abin taunawa. Kofi biyu na wake, rabin kofin niƙaƙƙen ots, ƙwai ɗaya. In mulmula, in sa a firiji minti 30 ots ya shanye sauran danshin.

A kasko, matsakaiciyar wuta, ba na taɓa ta sai ƙasan ya yi ɓawo, wajen minti 5, sannan in juya sau ɗaya tak.