Kurakuran da aka fi yi game da asalin sunan demoiselle

A Ingila akwai wani siririn mazari da ke zama a bakin rafi wanda ake kira demoiselle, kuma kuskuren da aka fi yi game da shi shi ne ɗaukar sunan a matsayin shaida cewa ƙwaron mace ce, wato matar babban mazarin da Turawa ke kira dragonfly. Ba haka abin yake ba. Dangi biyu ne daban, kowanne da mazansa da matansa, kuma mai son rabe su sai ya jira su sauka: babban mazari yakan bar fikafikansa a shimfiɗe, siririn kuwa yawanci yakan haɗe nasa a bisa gadon bayansa, idanunsa kuma a ware suke, ɗaya a kowane gefen kai.

Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta budurwa, kuma Faransawa sun daɗe suna kiran waɗannan ƙwari da ita saboda siririn jikinsu da yadda suke tashi a hankali kamar mai yanga. Tushenta yana cikin kalmar Latin domina, wato uwargida. Masu cewa Ingilishi ya aro ta sau ɗaya su ma sun yi kure, domin sau biyu ta shigo: tsohuwar siffarta ta bi sahun Normandawan da suka ci Ingila a 1066 har ta zama damsel, wadda ta haifi damselfly, sunan da Turawa ke kiran duk siraran mazari da shi, sannan daga baya aka sake ɗauko siffar Faransanci ta zamani aka keɓe ta ga dangin Calopteryx, sunan Girkanci mai nufin kyakkyawan fiffike. Linnaeus ma, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, da ya rubuta bayanin ɗaya daga cikinsu a 1758, virgo ya raɗa masa, wato dai budurwa.

Abin dariyar shi ne namijin ne ya fi ado. A nau'in beautiful demoiselle fikafikansa kusan duka shuɗi ne mai duhu da ƙyalli, na macen kuwa ruwan ƙasa ne. Haka kuma a nau'in banded demoiselle, wato mai zane, wasu sukan nemi zanen a jikin ƙwaron su rasa, alhali tabo ne mai duhu a tsakiyar fiffiken namiji, kamar an dangwala yatsa a tawada an shafa masa. Macen ba ta da wannan tabo sam.