Idan Fedar Birkin Tsohuwar Mota Ta Yi Laushi

Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna har yanzu suna kan titunan Sakkwato, kuma ciwon da ya fi damun su a birki shi ne feda ta yi laushi, ka taka ta tafi kusan ƙasa kafin mota ta ji. Kada ka yi gaggawar sayen sabuwar masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Ƙafarka za ta faɗa maka inda matsalar take.

Kashe inji, ka taka feda sau huɗu ko biyar da sauri. In ta ɗago sama ta yi tauri bayan ka yi ta famfo, to iska ce a cikin layi, ko kuma shu ɗin baya, wato fatar birki, ya yi nisa da dirom a motar da birkin bayanta na dirom ne, sai a ɗaure shi. In kuwa ka danne ta da ƙarfi ɗaya tana nitsewa a hankali, ga ba ɗigon man birki a ƙasa, robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana zagaye su. Duba inda masta ta haɗu da busta, wato gangar da ke ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, in wurin ya jiƙe, an gama magana. Busta da ta mutu tauri take sa feda, don haka kada a ɗora mata laifin laushi.

Akwai kuma wanda birkinsa lafiya lau da safe, sai an kama hanyar Gusau da rana tsaka a watan Afrilu ya fara laushi. Tsohon man birki ne. Man birki DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 na Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 140, tururin kuwa matsuwa yake kamar iska. Canza shi duk shekara biyu, lita ɗaya takan isa a wanke layi gaba ɗaya. Masu zuba man inji ko ruwan sabulu wai don su kai gida, robobi suke kashewa. DOT 5 ma ba a gauraya shi da sauran.

Wajen cire iska mutum biyu ake so. Fara da tayar da ta fi nisa da masta: baya ta dama, baya ta hagu, gaba ta dama, sannan ta gefen direba. Sa siririn tiyo a kan nipul, wato ɗan sukurun cire iska na taya, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan man birki. Na ciki ya taka sau uku ya riƙe, na ƙasa ya buɗe kwatan zagaye, ya rufe kafin a ɗaga ƙafa. A maimaita har kumfa ta ƙare, kuma kada tankin man birki ya bushe, in ba haka ba sai an koma farko. Sa guntun katako ƙarƙashin feda, domin tsohuwar masta tana da tsatsa can ciki, in aka taka har ƙasa tana yaga roba.

In an yi duk wannan laushi bai tafi ba, sa a taka kana kallon tiyon roba na kowace taya. Zafin Sakkwato yana busar da su, wanda ya kumbura ko ya tsattsage a canza shi tare da na ɗaya gefen.