Yadda za ki dawo da hannunki aiki bayan tiyatar kansar mama

Lokacin da aka yi wa yayata aikin cire mama na hagu, abin da ya fi ba mu wahala bayan mun dawo gida hannunta ne, ta manne shi a jiki kamar ta rungume jariri, ko kofi ba ta yarda ta ɗauka da shi, mu kuma muna cewa a bar ta ta huta. Sati 3 kafaɗar ta sandare, ɗankwali ma sai an ɗaura mata. Sai da muka je sashen fisiyo, wato masu gashin ƙashi, aka nuna mana cewa tausayin namu ne ya kusa cutar da ita. Shi yasa nake so ki ji wannan tun da wuri 'yar uwa.

Yawanci in za a cire maman ana haɗawa da wasu ƙwayoyin kaluluwa na hammata, shi ne wajen yake ɗaurewa, wani lokacin bayan damtse ya yi dindiris kamar ba naki ba saboda an taɓa wata jijiya da ta bi ta wurin. Wannan ba sabon ciwo bane.

Ki fara tambayar likitan da ya yi aikin yaushe za ki soma motsa hannun, da yawa tun washegari suke cewa a fara, amma in an yi miki dashen sabon mama ka'idar ta bambanta, maganarsa ita ce gaba da tawa. A satin farko, robar nan da ake sakawa a wajen aikin don zuƙe ruwa tana jikinki, kar ki ɗaga hannun ya wuce saitin kafaɗa. Ki dinga dunƙule yatsu kina buɗewa, ki lanƙwasa gwiwar hannu ki miƙe, ki ɗaga kafaɗu sama ki juya su baya a hankali, ki ja numfashi mai zurfi har ƙirji ya buɗe. Kowanne sau 5 zuwa 10, sau 3 a rana ya isa. In kin kwanta ki sa filo ƙarƙashin hannun. Kuma ki tashi ki taka ko a tsakar gida ne, kwanciya kullum tana jawo daskarewar jini a ƙafa.

Bayan an cire robar kuma likita ya ce bismillah, sai hawan bango, wannan shi ya fi yi wa yayata amfani wallahi. Ki fuskanci bango, ki ɗora tafukan hannu biyu, ki sa yatsu su dinga tafiya sama kamar gizo-gizo har inda kika ji ja, ki tsaya nan ki ƙirga 10 sannan ki sauko. Mu da gawayi muke yi mata alama a bangon, duk bayan kwana biyu sai ta ga layin ya ƙara sama, ranar da ta wuce tsawon kanta har kuka ta yi. Na biyu ki kwanta rigingine ki riƙe muciya ko sanda mara nauyi da hannu biyu, mai lafiyar ya ja mara lafiyar zuwa saman kai. Ja da ɗan tsami ba komai, amma zafi mai suka in kin ji ki dakata. In gashi na inji, wato haska wajen don kashe ragowar kansar, za a yi miki daga baya to dole sai kin iya kwanciya hannu a saman kai, kin ga ke nan atisayen nan ba na wasa bane.

Daka, jan guga, ɗaukar jarka ko yaro mai nauyi, tuƙa tuwon gida guda, duk ki bar su sati 4 zuwa 6, dan Allah 'yan gida ku karɓe mata. Amma cin abinci da taje kai da shi ki yi.

Sai maganar kumburin hannu, wanda zai iya zuwa ko bayan shekaru saboda ruwan da kaluluwar ke kwashewa ya rasa hanya. Ki kula da fatar hannun sosai, shafa mai kullum, ki kiyaye yanka da ƙuna wajen girki, kar a yi ƙaho ko tsaga a wannan hannun, kar kuma a gasa wajen aikin da ruwan zafi tunda fatar ba ta ji sosai za ki ƙone ba ki sani ba. Allura da awon jini in da hali a yi a ɗayan. Da kin ji zobe ko awarwaro ya fara matse ki, ko hannun ya yi nauyi, ki koma fisiyo, akwai tausa ta musamman da safar hannu mai matsewa da suke aunawa daidai ke, kar ki saya a kasuwa da ka. Wasu kuma suna ganin abu kamar igiya ya miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu, shi ma miƙewa da tausar fisiyo ke sake shi.

Amma in wajen ya yi ja, ya ɗau zafi, yana fitar da mugunya ko zazzaɓi ya rufe ki, ko numfashi ya yi wuya, ranar za ki tafi asibiti kar ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.