Yadda Ake Kiyaye Wa'adin Kai Rahoto Ga Hukumar Shige da Fice a Ƙasar Waje

Mutane da yawa, da zarar an buga musu bizar dogon zama, sai su miƙe ƙafa, a ganinsu an gama. Alhali ƙasashe da dama suna so baƙo ya riƙa sanar da su inda yake kwana, kuma kowace da nata lissafin kwanakin. Mutum yana iya riƙe da biza mai sauran wata takwas, amma a ci shi tara don ya makara da mako ɗaya.

Mataki na farko, tun kafin ka hau jirgi, shi ne ka gano wa'adin rajistar isowa, domin sau da yawa shi ne mafi gajarta, kuma yana faɗowa daidai lokacin da kake fama da neman ɗaki da layin waya. A Sin, wanda bai sauka a otal ba sai ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. A Italiya kwana 8 na aiki ne don neman takardar izinin zama. Indiya tana bai wa mafi yawan masu bizar da ta haura kwana 180 kwana 14 su yi rajista da ofishin rajistar baƙi, wato FRRO. Jamus ma kwana 14 ne bayan ka tare a gida, sai dai a ofishin rajistar mazauna gari ake yi, kuma dole ka je da takardar shaida daga mai gidan haya. Faransa ta fi sassauci: wata 3 don tabbatar da bizar ta intanet.

Na biyu, ka san daga ina ake fara ƙirga. Nan ne ake yawan tuntuɓe. Wani wa'adin daga ranar hatimin shiga yake farawa, wani daga ranar da ka tare a sabon gida. Kada ka dogara da ranar da ke jikin bizar. Buɗe fasfo, ka duba hatimin, ka ƙirga da kalanda a gabanka. Kwana 90 ba daidai yake da wata 3 ba, tunda wasu watannin kwana 31 ne, ga Fabrairu gajere.

Na uku, bincika ko ƙasar tana da rahoton da ake maimaitawa. Tailan ce ta yi suna a wannan. Duk baƙon da ya zauna fiye da kwana 90 a jere sai ya sanar da adireshinsa da fom ɗin TM.47, kuma haka zai ci gaba duk bayan kwana 90. Idan da ƙafa za ka je ofis, an yarda ka kai tun saura kwana 15, ko cikin kwana 7 bayan ranar. Ka wuce haka, tarar bat 2,000 ce a kuɗin ƙasar. Ana iya tura wakili, ko a aika ta gidan waya, ko a cike ta intanet. Idan ka fita ƙasar ka dawo, lissafin ya koma farko daga ranar da ka sake shiga. Wani abin da ke ruɗa sababbin zuwa: wannan rahoto ba ya ƙara wa izinin zamanka ko kwana ɗaya, sabunta izini aiki ne daban mai ranarsa. Akwai kuma fom ɗin TM.30, wanda mai masauki ne ke da alhakin kai shi cikin awa 24 da saukar baƙo. A takarda nauyin nasa ne, amma kai za a tsayar a gaban tebur idan babu shi, don haka ka lallaɓa shi ya yi, ka karɓi kwafi. A Filifin kuwa, rahoton da ake maimaitawa sau ɗaya ne a shekara, cikin kwana 60 na farkonta.

Na huɗu, sauya gida: sai ka sanar da hukuma sabon adireshinka. A Amurka kwana 10 ne da fom ɗin AR-11, a Japan kwana 14 a ofishin ƙaramar hukuma. Sanar da gidan waya kaɗai ba ya wadatarwa.

Daga nan sai ajiyar shaida. Sa ƙararrawar tuni biyu a waya, ɗaya saura mako uku, ɗaya saura mako guda. A ganina ranar farko da aka buɗe ƙofar karɓar rahoto ita ce ranar kai shi, saboda shafukan intanet na hukumomi sukan tsaya, ga hutun bukukuwan da baƙo bai san da su ba. Duk rasit ɗin da aka ba ka, ka ɗauki hotonsa, ka maƙala na asalin a fasfo. Idan ta intanet ka cike, ganin an karɓi fom bai isa ba, jira sai an nuna an amince, sannan ka buga takardar.

To, idan an riga an makara fa? Ka tafi ofishin da kanka washegari, da fasfo, da takardar haya, da kuɗin tara, ka biya a wurin da aka tanada, ka karɓi rasit. A Tailan, tarar wanda aka kama ta fi ta wanda ya kai kansa. Idan jinya ce ta tsare ka, ka riƙo takardar asibiti.