Kurakuran BGP da tace adireshi da muke ta maimaitawa a Yamai

Jama'a salamu alaikum. Wannan maganar ta jima tana cina, tun wani daren Alhamis cikin zafin watan Afrilu da wani ƙanena a sana'a ya bugo mini talho wajen ƙarfe ɗaya, muryarsa na rawa, wai "yaya don Allah taimaka, reso ya mutu gaba ɗaya kuma ban taɓa komai ba". Duk wanda ya ce maka bai taɓa komai ba to ya taɓa, kawai dai bai san mi ya taɓa ba ne. Wani ƙaramin kamfani yake wa aiki, irin masu raba koneksiyon ta antena ga otal-otal da biro-biro, kuma ranar ne suka ɗauko layi na biyu daga wani mai sayar musu da taransit, wato hanyar fita intanet ɗin duniya, don kar su dogara da guda. Na hau moto na same shi a ɗan ɗakin da injinansu suke, kilim ya mutu, gurup na ta ruri a waje, shi kuma ya zuba wa Winbox ido, wato manhajar saita ruter ɗin MikroTik, gumi har cikin kwalar riga. Da na duba girafik sai na ga layin nasu ya cika maƙil sama da ƙasa alhali kiliyan duk suna barci.

Abin da ya yi shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa: ya kunna BGP da na biyun bai sa filta a mafita ba. Shi BGP, wato yaren da ruter-ruter na kamfanoni ke gaya wa juna hanyar zuwa kowane adireshi da shi, ɗabi'arsa ke nan, abin da ya ji daga wannan maƙwabci sai ya kwashe ya gaya wa wancan, kamar mai kai gulma a fada. To ruter ɗin yaron ya karɓi hanyoyin duniya daga mai taransit na farko ya juya ya ce wa na biyu "duk waɗannan ta wurina ake bi", na biyun shi ma bai tace ba tunda kiliyan ne, kuma a al'ada hanyar da ta zo daga kiliyan ita ake fifitawa a kan sauran, sai ga kayan mutane da ba ruwansu da su suna kwararowa ta ɗan siririn layinsu. Kamar a ce an karkato da kamiyoyin hanyar Dosso duka an ce su bi ta lungun gidanku. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, mun rubuta jerin prefiks ɗinsu, wato rukunin adireshin IP nasu, guda biyu rak muka ce waɗannan kaɗai za su fita, saura duka a ƙi. Kuma ka rubuta filtar KAFIN ka tada sesiyon, wato haɗin BGP da maƙwabci, ba ka tada ba sannan ka ce bari in gyara, don cikin daƙiƙu abin ke bazuwa.

Kar wani ya ce ai wannan sakacin ƙanana ne. Ranar 12 ga Nuwamba 2018 MainOne na Najeriya ya yi irinsa, hanyoyin Google da yake samu a cibiyar musayar intanet ta Legas suka zurare zuwa China Telecom, daga can suka bi ta Rasha, fiye da awa ɗaya mutane a ƙasashe da dama ba sa samun Google daidai, daga baya kamfanin ya fito ya ce kuskuren konfig ne lokacin da suke wani aiki a resonsu. Tun 2017 akwai ƙa'idar intanet mai suna RFC 8212 da ta ce ruter kar ya karɓa kar ya aika komai ta eBGP, wato BGP tsakanin kamfani da kamfani, sai an rubuta masa doka, amma ba kowane inji ke bin ta ba, don haka kar ka dogara. Ƴan MikroTik kuma ku kula da wannan: a RouterOS 6, tsarin da ke cikin ruter ɗin MikroTik, hanyar da ba ta dace da kowace doka a cikin filta ba wucewa take, a 7 kuwa ƙin ta ake. Na ga wanda ya yi mizajur daga 6 zuwa 7 ya wayi gari ba ya sanar da prefiks ko ɗaya yana ta zagin mai taransit.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne zuba duk hanyoyin cikin gida cikin BGP don lalaci, wato ka ce duk abin da ke haɗe da ruter ko wanda na rubuta da hannu a tura. Nan ne za ka ga 192.168.88.0/24, adireshin da MikroTik ke zuwa da shi daga kwali, yana ƙoƙarin fita duniya tare da 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 100.64.0.0/10 na CGNAT (dabarar sa kiliyan da yawa su fita da adireshi ɗaya) da wasu ƴan /30 na tsakanin antena da antena. Waɗannan kayan ɗaki ne ba a shanya su a titi. Kuma ko adireshinka na gaskiya ne, abin da ya fi /24 ƙanƙanta a IPv4 ko /48 a IPv6 (in lambar bayan / ta ƙaru, rukunin raguwa yake) yawancin duniya ba ta karɓa, kar ka wahalar da kanka.

To a juya ta ɗaya gefen, wato abin da kake karɓa daga kiliyan. Mu nan akwai kunya da ganin ido, mutum ya zo da babbar riga ya ce shef ga adireshina ka sanar mini, kai kuma ka ji nauyin tambayarsa takarda. Tambaye shi. Ka buɗe whois, wato rajistar masu adireshi, na AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin IP a Afirka, ka ga sunan wa ke kan prefiks ɗin, in ba nasa ba ne ya kawo izini a rubuce daga mai shi. Labarin YouTube na 24 ga Fabrairu 2008 ai kowa a sana'ar nan ya san shi: Pakistan Telecom ta so toshe YouTube a cikin ƙasarta sai ta sanar da 208.65.153.0/24, shi kuwa YouTube /22 yake sanarwa, kuma ƙa'idar ruter ita ce prefiks mafi tsawo, wato mai babbar lamba bayan /, shi ke cin nasara, sai PCCW da ke ba su taransit ya karɓa bai tace ba ya watsa wa duniya, wajen awa biyu YouTube ya ɓace. Ni a ganina laifin na sama ya fi, don shi ke da ƙofa. Saboda haka kowane kiliyan da jerinsa, in suna da yawa ka bar manhajar bgpq4 ta riƙa fitar maka da jerin kullum daga IRR, rajistar da kamfanoni ke rubuta prefiks ɗin da suke sanarwa, sannan ka sa iyakar adadin prefiks a kan sesiyon, wanda ke da prefiks 3 ka ba shi iyaka 10, ranar da ya turo dubu sesiyon ya yanke da kansa kana barcinka.

Sai wanda ya fi ba ni haushi don mu ƴan Afirka ya fi cuta, tsohon jerin bogon. Bogon dai adireshin da bai kamata a gan shi a intanet ba ne, ko don na cikin gida ne ko don ba a raba shi ga kowa ba tukuna. Matsalar ita ce "tukuna" ɗin nan. Mutum ya kwafo jeri daga wani tsohon darasi na shekara goma sha biyar baya ya liƙa a fayawol ya manta, alhali an riga an raba waɗannan adireshin. 41.0.0.0/8 an ba AFRINIC a 2005, 197 a 2008, 105 a 2010, shi kuwa 102.0.0.0/8 yana cikin biyar na ƙarshe da IANA, hukumar da ke raba adireshi ga yankunan duniya, ta raba ranar 3 ga Fabrairu 2011, kuma da yake shi ne na ƙarshe, kamfanonin da suka shigo daga baya yawanci da shi suka tashi. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ya sa wani biro a Plateau ba ya iya buɗe shafin wani abokin hulɗarsu a wata ƙasar Afirka, komai na tafiya sai wannan kawai, ashe layi guda ne a fayawol da wani tsohon ma'aikaci ya bari, 102.0.0.0/8 a jefar, har da ɗan sharhinsa a gefe wai ba a raba ba. Shi ya bar aikin tun tuni, layinsa na nan yana aiki. Haka 1.1.1.1 da mutane suka mayar adireshin shafin shiga wifi, sai ga Cloudflare ya buɗe DNS, mai juya sunan shafi zuwa adireshi, a kansa a 2018. A IPv4 yanzu jerinka ya tsaya kan waɗanda aka keɓe dindindin, na cikin gida da 127 da 169.254 da na misali irin 192.0.2.0/24 da na multikas, in kana son cikakken jeri mai canzawa to ka ɗauke shi kai tsaye daga masu sabunta shi irin Team Cymru, ba kwafi da hannu ba.

Tace adireshin mai aikawa kuma mutane da yawa ba sa yi, don ba kai yake karewa ba, wasu yake karewa daga gare ka. BCP 38 ke nan, tun shekarar 2000 aka rubuta ta. Ma'anarta in kiliyan ɗinka ka ba shi wani adireshi, to fakitin da ya fito daga wajensa da wani adireshin daban a matsayin mai aikawa a jefar da shi nan take. In ba ka yi ba, kamara ko ruter ɗin wani da ƙwayar cuta ta kama zai riƙa aika tambaya da sunan wani bawan Allah zuwa sabar DNS ko ta NTP mai daidaita agogo da aka bari a buɗe, amsar mai nauyi ta faɗa kan wancan. Da irin wannan dabarar aka jefi GitHub da terabit 1.35 a daƙiƙa a Fabrairun 2018 ta sabobin memcached da aka bari a buɗe. Amma a nan ma akwai rami: wani ya ji wa'azi ya je ya kunna uRPF mai tsanani ko'ina, wato ruter ya jefar da duk fakitin da bai shigo ta ƙofar da ake bi zuwa ga mai aikawa ba, alhali yana da taransit biyu, fakiti na fita ta nan amsa na dawowa ta can, sai ruter ya riƙa jefar da halal. Mai tsanani na gefen kiliyan mai layi ɗaya ne, gefen taransit sai mai sassauci. A MikroTik kuwa maɓallin rp-filter, wato uRPF ɗinsu, na injin ne gaba ɗaya ba na kowace ƙofa ba, shi ya sa ni na fi son in rubuta shi a fayawol da jerin adireshi.

RPKI ma, wato tsarin tabbatar da wanda ke da izinin sanar da kowane prefiks, mutane sun fara yi, alhamdulillahi, sai dai ana harbin ƙafa da shi. Kana da /22, ka shiga akawun ɗinka na MyAFRINIC ka yi ROA, wato takardar izinin sanarwa, ka ce iyakar tsawo 22, shi ke nan lafiya. Ran nan fibir ya yanke, mu da ba mu da teku dama ta ƙasashen maƙwabta muke samu, kun dai tuna 14 ga Maris 2024 da igiyoyin fibir na ƙarƙashin teku WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace rana ɗaya a tekun Afirka ta Yamma, to cikin ruɗani irin wannan sai ka farfasa /22 ɗinka zuwa /24 huɗu don ka raba kaya tsakanin layuka, ka manta ROA bai yarda da 24 ba, manyan kamfanonin da ke tantancewa su jefar da su, dabararka ta tashi a banza kana mamaki. Haka in ka ba wani ASN, wato wani reso mai lambarsa ta BGP, prefiks ɗinka ya sanar maka ba ka yi masa ROA ba. Wani kuma don gudun haka sai ya sa 24 a komai alhali /22 kaɗai yake sanarwa, ya bar wa ɓarawo taga. Ka zauna da rana tsaka lokacin da komai ke lafiya ka rubuta abin da kake sanarwa da wanda za ka sanar ranar pan, ka yi musu ROA tun yanzu don ba nan take yake isa ko'ina ba. Kuma kalmar sirrin akawun ɗin nan ka riƙe ta da kyau ka sa tabbaci na biyu, a Janairun 2024 wani ya shiga akawun ɗin Orange na Spain a RIPE, takwarar AFRINIC ta Turai, saboda kalmar sirri mai rauni ya dagula musu ROA, resonsu ya durƙushe na awanni.

Kuskuren toshe ICMP gaba ɗaya, wato saƙonnin da injuna ke gaya wa juna matsala da su, ba zan daɗe a kai ba. Wai tsaro. Sai shafi ya buɗe rabi ya tsaya a kan layin kiliyan irin na PPPoE mai MTU 1492, wato iyakar girman fakiti, don saƙon da ke cewa fakiti ya yi girma ba ya isowa, a IPv6 ma abin ya fi muni don ba ya tafiya sam sai da ICMPv6. Rage masa gudu in kana so amma kar ka kashe.

Sannan ka riƙa kallon kanka daga waje. Daga cikin ruter ɗinka komai fes yake. Buɗe shafin bgp.he.net ko bgp.tools ko RIPEstat ka rubuta lambar ASN ɗinka ka ga abin da duniya ke gani, ka gwada manhajar Spoofer ta CAIDA daga layin kiliyan ka ga ko adireshin bogi na fita, ka sa lambar talho da imel masu aiki a whois da PeeringDB, kundin da reso-reso ke samun juna a ciki, ba imel ɗin wanda ya koma Kanada tun bara ba. Daren nan da nake ba ku labari, sai da muka bugi lamba uku kafin mu samu mutum a farke wajen mai taransit na biyu, da ya ɗauka na ce malam ku ma fa ba ku tace mu ba, ya yi shiru ya ce zai gaya wa shef ɗinsa da safe. Bayan sati biyu na sa ƙanen nawa ya tambaye su jerin prefiks da suka sa mana a gefensu, sai suka turo, guda biyu daidai, da iyaka 10.