Yadda nake shirya golf ɗin Asabar tun daga cikin gida

Asabar ɗin da ta wuce na gama ramuka 18 da bugu 86. Shekara shida ina wannan wasa a nan Katsina, ban taɓa sauka ƙasa da 90 ba sai ranar. Abokan wasa sun yi ta tambayata ko sabuwar sanda na saya. Sandunana su ne dai waɗanda na sayo na hannu a Kano, guda 11 ne ma, ba su kai 14 da doka ta yarda mutum ya ɗauka ba. Ga abin da na yi, daki-daki, ko wani zai amfana.

Ka fara da yammacin Juma'a. Zagayen ramuka 18 a ƙafa yana cin awa huɗu, wani lokaci har da ɗoriya, kuma Asabar ita ce ranar da gida ya fi bukatar maigida. Na daɗe ina fita ba tare da na sallami gida ba, sai in tsaya zan buga ƙwallo, zuciyata tana kan gas ɗin da ya ƙare ko kuɗin Islamiyyar yara. Hannu ba ya daidaita in hankali ya rabu biyu. Yanzu da na sauko daga masallaci nake wucewa kasuwa in yi cefanen kwana biyu, in cika tukunyar gas, in tambayi uwargida ko akwai biki, suna ko ta'aziyya gobe. In akwai, mu tsayar da lokaci. A wannan karon ta ce, “Alhaji, ƙarfe biyu nake son ka kai ni Ƙofar Ƙaura gidan Yaya.” Na ce kafin azahar ina gida. Da na faɗi haka na san wayata za ta iya zama cikin jaka har in gama.

Bayan isha'i kuma sai ɗan atisaye, wanda na fi watanni uku ina yi kullum. Nakan shimfiɗa tsohon kafet a falo, in kwantar da kofin shayi a gefensa, in tsaya kamar taku biyu daga bakinsa, in tura ƙwallo 20. Faɗin ramin golf milimita 108 ne, bakin kofin bai kai haka ba, don haka in ka saba da kofi, ramin gaske sai ya yi maka girma. Ƙaramin ɗana ne mai ƙirga, shi ke dawo mini da ƙwallayen, kuma ba ya yarda a ƙara ko ɗaya a lissafi. Minti goma ya isa. Amma kada ka kuskura ka juya doguwar sanda a tsakar gida. Yaro yana iya fitowa daga ɗaki a guje, kuma ƙarfe ne a hannunka.

Da safe, bayan asuba, koko da ƙosai kaɗan, kada ka cika ciki. Ruwa gora biyu, dabino a aljihu. In hunturu ne ka shafa mai a leɓe da hannu, ka sa doguwar safa saboda ƙarangiya.

To, ga inda maganar take. A golf kowane rami yana da adadin bugun da aka yanka masa, uku, huɗu ko biyar, wanda 'yan wasa ke kira “fa” (par da Turanci), jimillarsu a yawancin filaye 72. Wannan lissafin ƙwararru ne. Ni da handikaf ɗina, wato rangwamen bugun da ake yi wa ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa, yake 18, ina da rangwamen bugu ɗaya a kowane rami, ke nan 90 ita ce tawa. Sai na daina neman huɗu a ramin huɗu, wato wanda aka yanka wa bugu huɗu, na koma neman biyar. Da ka yarda da wannan, ba ka da dalilin zuba ƙarfinka duka a bugun farko. Ranar sau huɗu kacal na ciro direba, wato doguwar sandar bugun nesa. Sauran na buga da sanda mai lamba 5, ƙwallo ta tafi miƙe, ƙasa kuwa ta bushe ƙamas, sai ta yi ta gangarawa da kanta har ta ƙara mini tazarar da ban yi wahalarta ba.

Filayen golf da yawa a Arewa ba ciyawa ce ke kewaye da rami ba, yashi ne da aka kwaɓa da mai aka daddaɓe, ana share maka hanya kafin ka tura. Irin wannan wuri ba ya son a cilla ƙwallo sama ta faɗo, domin in ta sauka a busasshiyar ƙasar gabansa sai ta yi tsalle ta wuce. Ka ɗauki lamba 7, ka buga ta ƙasa-ƙasa, ta gangara ta hau. In ka hau kuma, ka tura da ɗan ƙarfi, yashi yana riƙe ƙwallo. Mafi yawan bugun da nake asara a da, a bakin rami ƙwallon ke tsayawa.

A rami na 11 ƙwallona ta shige ƙarƙashin bishiyar bedi. Akwai 'yar kafa tsakanin rassa, raina ya so in ratsa ta nan. Yaron da ke ɗaukar mini jaka ya ce, “Yallaɓai, mu fitar da ita gefe kawai.” Na bi maganarsa, na tashi da shida a ramin huɗu, shi ne mafi muni a katin da nake rubuta buguna. Da na ratsa ta bugi reshe, takwas zan rubuta. Waɗannan yara sun fi mu sanin filin, kullum a cikinsa suke yini, ka saurare su, ka kuma biya su haƙƙinsu da kyau tun guminsu bai bushe ba. Wani abu kuma: tun 2019 minti uku ne kawai doka ta ba ka ka nemi ƙwallon da ta ɓace, a da biyar ne. In hazo ya yi yawa ba ka ga inda ta sauka ba, ka faɗa wa abokan wasa, ka buga wata ƙwallon ta wucin gadi tun kana wurin.

Katin ya ƙare da ramuka biyar da na yi “fa”, ramuka 12 da na ƙara bugu ɗaya, da wancan na gindin bedi. Na sa abokin wasa ya sa hannu na miƙa, tunda handikaf daga mafi kyawun takwas cikin wasanni 20 na ƙarshe ake fitar da shi. Abokai sun zauna shan lemo suna ta kirana, na ce a yi mini uzuri. Na tsaya na sayi fura, ƙarfe goma sha biyu da rabi ina ƙofar gida. Uwargida ta ce, “Sannu da dawowa, yaya wasan?” Na ce alhamdulillahi, 86. Ɗana ya ruga ya ɗauko kofin shayin, na ce ya bari sai dare, yanzu in watsa ruwa in yi salla, ƙarfe biyu za mu kai Mamansa Ƙofar Ƙaura.