Yadda za ka gwada manhajar da ta dogara da rumbun bayanai

A ce ka rubuta wa ɗan kasuwar Kejetiya a Kumasi manhajar lissafin bashi.

Da farko, kada ka taɓa rumbunsa na gaske, amanar dukiyar mutum ce.

Maimakon haka, buɗe rumbun gwaji a SQLite, wata manhajar sarrafa rumbun bayanai, da sunan ":memory:". Rumbun zai zauna a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ɓace da zarar ka rufe shi.

Gina teburan da ake jera bayanai a cikinsu, ka saka mutum ɗaya da ake bi sidi 200. Sa manhajar ta karɓi biyan sidi 50, ka tabbata 150 ya rage. Gwada biyan da ya zarce bashin ma, nan kuskure ya fi ɓuya.

Kowane gwaji ya tashi da sabon rumbu.

In PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai ta daban, manhajarka take amfani da shi, maimaita gwajin a kansa, domin SQLite yakan karɓi rubutu a gurbin lamba.